An Ɗauke Hula

Har yau ban manta da Larabar da hular Malam Altine ta sauka daga kan tebur ba tare da mai ita ya taɓa ta ba. Ku da kuka shigo aikin akawu a bayana kun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da gishirin da yake ƙara masa. Wasu har cewa suke na daka wa Ciyaman tsawa. Ban daka wa kowa tsawa ba. Ga yadda abin ya faru, daga bakin wanda biro ke hannunsa a ranar.

Ga wanda bai san mu ba, ƙungiyarmu ta manoman fadama ce, ta haɗa ƙauyukan Bodinga da na Shagari, yawancinmu masu albasa. An raba fadamun shiyya ashirin da ɗaya. Kowace shiyya tana zaɓen wakili ɗaya duk bayan shekara uku, wakilan kuma su zaɓi Ciyaman a cikinsu. Wannan majalisa ita ke tsara wanda zai fara samun injin ban-ruwa, da inda motocin masu sayen albasa za su tsaya, da rabon duk abin da aka kawo wa manoma a dunƙule. Ana zama kowace Laraba a zaurenmu na bakin titi.

Akawu ba wakili ba ne. Ba shi da ƙuri'a, ba shi da baki a zaure sai an tambaye shi. Aikinsa ya rubuta abin da ya faru a littafin zama, ya karanta shi a farkon zama na gaba, in majalisa ta amince ya sa hannu ya buga hatimi. Kafin hatimin nan ya sauka, duk hukuncin da aka yanke magana ce kawai. Ni kafin in karɓi wannan kujera na yi shekaru ina fassara labarai a wani gidan rediyo a Sakkwato. Shi ya sa wakilai ke tsokanata da Hausar rediyo: su suna cewa hulla, ni ina rubuta hula.

Dokokin zamanmu ashirin ne da 'yan kai, amma ta sha ɗaya ce kowa ya haddace. Ga yadda take: "Wakilin da ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, magana tasa ce. Ba a kaɗa ƙuri'a har sai ya ɗauke ta da hannunsa, ko wakilai sha huɗu sun ce a ɗauke." Dattawan da suka kafa ƙungiyar sun yi lissafi da kunya. A ganinsu babu magidancin da zai tsaya gaban jama'a kai ba hula sai abin ya kai masa wuya, don haka dokar za ta kare marasa rinjaye ba tare da ta zama abin wasa ba. Lissafin ya yi aiki shekaru da dama. Abin da ba su hango ba shi ne mutumin da zai saba da iska a kansa.

Malam Altine, wakili daga wajen Mandera, shi ne wannan mutumin. Shi ke jagorantar wakilai tara, yawancinsu na ɓangaren Shagari. Alhaji Sahabi, Ciyaman, yana da sha biyu, yawanci na ɓangaren Bodinga. Sha biyu sun isa cin ƙuri'a, amma ba su isa ɗauke hula ba. Malam Altine ya gane wannan, ya mai da hularsa makami. Akwai shekarar da ya riƙe mu zama uku a kan rabon iri, har lokacin yafa iri ya kusa wucewa. Ni ne na rubuta duk abin da ya faɗa, yatsuna sun shaida. Ina so ku riƙe wannan: ban taɓa son dokar hula ba.

A bazarar da nake magana, wani shirin tallafa wa manoma ya yi mana alkawarin kayan gina babban rumbun adana albasa. Sharaɗinsu ɗaya ne, mu kawo takarda mai hatimi da ke nuna wurin da majalisa ta zaɓa. Alhaji Sahabi yana son wajen Danchadi, Malam Altine yana son wajen Lambara. Zaɓen wakilai kuma saura mako uku.

Ranar Litinin bayan La'asar Ciyaman ya aika aka kira ni rumfar ƙofar gidansa.

"Akawu, wagga hulla ta ishe ni. Laraba za mu tuɓe ta gaba ɗai."

"Ranka ya daɗe, soke doka ta sha ɗaya kake nufi?"

"Ku ji shi da Hausar rediyo. I, soke ta. In ta tahi, sai mu yanke maganar rumbu da sha biyunmu."

Na ce masa rajistar manoma a hannuna take, kuma na ga sababbin sunaye. Shiyyoyi uku na tsakiya sun cika da matasan da suka haƙa rijiyoyinsu da kansu, ba su jin nauyin kowa. "In biyu daga ciki suka juya, kai ne mai goma, Malam Altine mai sha ɗaya. Ran nan wa zai nemi hula?"

"Shi ya sa nika son a gama yanzu. In anka aza harsashi, wa ka tone shi?"

"Rumbu guda ne, ranka ya daɗe. Bayansa akwai injuna, akwai tashar mota, shekara uku cur."

"Mu ka cin zaɓe. Tun da anka kafa ƙungiya ba a taɓa kada mu ba."

Cikin minti ɗaya ya gaya mini zai faɗi, ya kuma gaya mini zai ci. Na ciro wata takarda da na daɗe da tsarawa na miƙa masa. Layi biyu ne a ciki: doka ta sha ɗaya za ta daina aiki daga zaman farko bayan zaɓe mai zuwa. Na ce, "In dokar ce ba ta da kyau, ba ta da kyau ko wa ke sama. Ka kai wannan takarda zaure, ina jin har Malam Altine zai ɗaga hannu, tunda shi ma yana ganin zai ci."

Ya karanta sau biyu, ya miƙo mini. "In sa hannu ga abin da ban san wa za shi amfana ba?"

"Dalilin rubuta ta haka ke nan."

"Mai da abarka aljihu. Mu haɗu Laraba."

Laraba da ƙarfe goma aka buɗe zama da addu'a. Na karanta bayanin zaman baya, aka amince, na buga hatimi. Ciyaman ya gabatar da ƙudurin soke doka ta sha ɗaya nan take. Bai rufe baki ba Malam Altine ya miƙe, ya cire tsohuwar hularsa, ya kakkaɓe ta, ya ajiye a tsakiyar tebur kamar mai ajiye ƙwai. Na rubuta lokaci: goma da minti ashirin.

Ya fara da gaisuwa. Ya gai da wakilai ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar iyalin kowa, ya yi wa mahaifin kowa addu'a da suna. Wannan kaɗai ya ci minti arba'in. Daga nan ya shiga tarihin yadda kakansa ya fara albasa, da rijiyoyin da suka ƙafe, da waɗanda aka yi zaton sun ƙafe ashe ba su ƙafe ba. Zafin bazara ya cika zaure, babu wuta, fanka tsaye cak. Gumi yana gangarowa daga sanƙonsa yana shiga gemu.

Modi, wakili daga wajen Danchadi kuma na hannun daman Ciyaman, taubashin Malam Altine ne, don haka yana da izinin faɗa masa abin da wani ba zai faɗa ba.

"Malam, don Allah ruhe sanƙon ga, haskenai shina kashe muna ido!"

"Matso ka dubi huskarka ciki, ka ga abin da matarka ka haƙuri da shi shekara ashirin."

Zaure ya kwashe da dariya, har Ciyaman ya sunkuyar da kai. A cikin dogon surutun nan Malam Altine ya faɗi magana ɗaya mai nauyi. Ya ce wanda ya ɗauko albasa daga Mandera zuwa Danchadi a kan hanyar da muke da ita, rabinta za ta isa a farfashe, kuma albasar da ta fashe ba ta ajiyuwa. Na rubuta wannan, na ja layi a ƙarƙashinsa.

Da aka kira Azahar aka ɗaga zama. Al'adarmu ita ce hula tana zama a inda take har a dawo. Malam Altine ya yafa hiraminsa a ka ya bi jama'a masallaci. Ni ne na ƙarshen fita kullum, saboda sai na kulle littafi a aljihun tebur. Na ɗauki buta na zagaya gindin tagar baya inda akwai inuwa, na tsuguna. Ina wanke hannu na ji motsi a ciki. Na ɗaga kai. Modi ne. Ya duba ƙofa, ya sa yatsa biyu ya ɗauke hular daga kan tebur, ya kai ta kan kujerar Malam Altine ya ajiye. Da ya juyo muka haɗa ido ta taga.

"Akawu, alwala dai?"

"Alwala."

"To a kula da ita. Kallo shina karya ta."

"Ba a littafin da na karanta ba."

Ana sallame salla wakilai sha biyu suka tashi tare, ko nafila ba su tsaya yi ba. Malam Altine da mutanensa suna nan zaune suna jan tasbaha, hankalinsu kwance. Na bi sha biyun da sauri. Ina buɗe littafi Ciyaman ya ce, "Jama'a, kun ga ba hulla bisa tebur. An ɗauke ta. Sai ƙuri'a."

Na miƙe. "Ranka ya daɗe..."

"An tambayi akawu? Akawu bai da baki cikin zaure."

Gaskiya ya faɗa, haka doka ta ce. Na zauna. Hannu sha biyu suka tashi a kan soke doka ta sha ɗaya. Hannu sha biyu suka sake tashi a kan gina rumbu a wajen Danchadi. Duka biyun ba su ci minti huɗu ba. Malam Altine ya shigo ya tarar da hularsa a kan kujera, ya tsaya yana dubanta kamar bai san ta ba. Abin da ya biyo baya hayaniya ce, kuma hayaniya ba ta shiga littafi. Ciyaman ya rufe zama.

Ya kira ni ƙaramin ofishinsa. Modi na tsaye jikin bango.

"Mi ka rubuta?"

"Lokuta kawai da yawan hannu. Sauran sai na zauna."

"To rubuta haka: bayan sallar Azahar an ɗauke hulla, anka yi ƙuri'a."

"Wa ya ɗauke ta?"

"Ƙarya nac ce ka yi? An ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba?"

"An ɗauke ta."

"To!"

Ku lura da kyau, domin nan ne aikin yake. Alhaji Sahabi ba maƙaryaci ba ne, kuma bai nemi in yi ƙarya ba. Jimlar da ya ba ni gaskiya ce daga farkonta har ƙarshenta. Na san irinta sarai, na fassara dubunta a rediyo: an kama, an rufe, an ce, an rasa. Tsohon editanmu yakan mayar mini da takarda duk lokacin da ya ga wannan ƙaramar kalma, ya tambaye ni ko ban san wanda ya yi ba ne, ko kuwa na sani ina ɓoye shi. In ban sani ba ya bari ta wuce. In na sani, sai in sake rubutawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, doka ba ta ce 'an' ba. Cewa ta yi sai ya ɗauke ta da hannunsa. Duk wanda ya karanta 'an ɗauke hula' zai ɗauka Malam Altine ne. Don a ɗauka hakan ake so in rubuta shi."

Modi ya ce, "Hwanka ta ture ta."

"Kwana uku rabonmu da wuta, Modi. Kuma fankar da ta san kujerar mai hula ta cancanci a ba ta shiyya."

Ciyaman ya ɗaga masa hannu ya yi shiru, ya juyo gare ni, ya sassauta murya. "Kai ɗan Bodinga na. Gonarka tana Danchadi. Wanga rumbu, da ƙahwa za ka kai albasarka."

"Na sani."

"Ni na kawo ka wanga aiki."

"Na sani, kuma ban manta ba. Ka kawo ni ne in rubuta abin da ya faru."

"Kai ka rubutu, mu ka hukunci."

"Shi ya sa ba zan taɓa hukuncinku ba. Hannu sha biyu na gani, sha biyu zan rubuta. Hannun da ya ɗauke hula ma na gan shi."

Ya ce, "Kana da mako guda. In ka karanta abin da nac ce, kujerarka na nan. In ba haka ba, ka san ni ad da ikon dakatar da akawu."

"Doka ta sha tara. Ni na gyara Hausarta."

Makon nan ya yi tsawo. Labari ya riga ni isa gida. Yayana ya zo har gona ya same ni muna ɗaure buhuna, bai ko amsa gaisuwata ba. Ya ce, "Kalma guda! Harahi biyu! Don su za ka hana garinmu rumbu, ka bar aikinka?" Na ce masa, Yaya, in haruffa biyun ba komai ba ne, me ya sa ake son su haka? Ya ce rediyo ta lalata ni, ya hau babur ya tafi. A majalisar da nake zama da yamma, na zo babu wanda ya matsa mini a tabarma. Na tsaya na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na wuce.

Mutanen Malam Altine kuma suka zo da nasu salon. Biyu suka sallama mini da zabi a hannu, wai Malam na gaisuwa, ya ji ni nasu ne. Na ce su mayar masa da zabinsa, su kuma gaya masa da zan iya, da ni na fara ƙona hular nan. Ba don shi nake yi ba.

Laraba ta zagayo. Zaure ya cika, mutane har a tagogi. Bayan addu'a Ciyaman ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akawu, bayanin zaman baya."

Na miƙe na karanta da muryar da nake karanta labaran rana, ba sauri, ba ja. Na karanta ƙuduri, na karanta lokacin ajiye hula, na karanta maganar hanyar Mandera. Sannan na zo wurin.

"Da ƙarfe biyu saura kwata, lokacin da wakilai ke masallaci, Modi ya shiga zaure, ya ɗauke hular Malam Altine daga kan tebur, ya ajiye ta a kan kujera. Akawu ya gani ta tagar baya. Da ƙarfe biyu da minti biyar wakilai sha biyu suka ɗaga hannu."

Na ƙarasa na zauna.

Ka'ida ita ce kowane wakili yana iya neman a gyara bayani, in masu rinjaye suka yarda a gyara. Ciyaman ya ce yana neman a cire sunan Modi a sa "an ɗauke hula". Yana da sha biyu, ya san zai samu. Ni kuma na riga na yanke cewa in suka gyara ba zan sa hannu ba, sai dai su nemo wani ya buga musu hatimi.

Kafin a ɗaga hannu, Malam Cika ya nemi magana. Shi ne mafi tsufa a cikin sha biyun Ciyaman, yana da makarantar allo a Bodinga, kuma bai cika magana a zaure ba. Bai dubi kowa ba sai Modi.

"Modi, ni ban gani ba, ina masallaci. Kai nika tambaya. Ka taɓa ta?"

Modi ya dubi Ciyaman. Ya dubi fanka. Da wani ne ya tambaye shi da ya musa, amma a gaban wannan tsoho ya yi karatu.

"Malam, ai wasan taubasai na."

Zaure ya ɗauka. Malam Altine yana cewa, "Kun ji! Kun ji ɓarawon hulla!" Malam Cika ya jira har aka lafa.

"Wasa na? To ƙuri'ad da ta biyo bayan wasa, ita ma wasa ta. Ni ban ɗaga hannu a goge sunan wanda ya amsa da bakinai."

Shi da wani wakili da ke zaune kusa da shi suka ƙi. Gyara ya samu goma, sha ɗaya suka ce a bar bayani yadda yake. Tunda mai hula bai ɗauke ta da hannunsa ba, ƙuri'u biyun nan sun faɗi. Na sa hannu, na buga hatimi. Malam Altine ya taso yana murmushi ya sake ajiye hularsa a tsakiyar tebur, ya fara gai da wakilai ɗaya bayan ɗaya. Wallahi a raina na ce, ga abin da na ceto.

Bayan zama Ciyaman ya kira ni ofis. Babu mai buga wasiƙa a ƙungiyar sai ni, don haka ni na zauna gaban na'ura yana faɗa ina bugawa.

"Rubuta: an dakatar da kai daga aiki."

Na ɗaga hannu daga na'ura. "Wa ya dakatar da ni, ranka ya daɗe?"

Ya dube ni kamar zai jefe ni da wani abu. Sannan ya ce, "Rubuta: ni, Ciyaman, na dakatar da kai."

Na buga, ya sa hannu. Na miƙa masa littafi da hatimi da makullai, na ƙirga masa su ɗaya ɗaya, na yi masa sallama yadda ta kamata.

Mako biyu ina gona. Aka yi zaɓe, biyu daga shiyyoyin tsakiya suka juya. Malam Altine ya samu sha ɗaya, ya zama Ciyaman. Kwana biyu da rantsar da shi ya aiko a kira ni. Na same shi a ofishin nan, a kan kujerar nan, da sabuwar hula.

"Akawunmu! Maraba da jarumi!"

"Akawun majalisa, ranka ya daɗe."

"To, to. Ga makullanka. Zamna mu yi magana." Ya jawo kujera kusa. "Wagga doka ta hulla, ai kai ka hi kowa shan wahalarta. Na ji saƙon da ka aiko min. Gaskiya ta, dokar ta tsuhwa. Laraba mu soke ta, mu kai rumbu Lambara, kowa shi huta."

Ban yi mamaki ba. Takardar nan tana aljihuna, na zo da ita da gangan. Na miƙa masa. Ya nisanta ta da ido ya karanta.

"Bayan zaɓe mai zuwa? Shekara ukku? Wa ya san mai rai?"

"Kujera ɗaya ce tsakaninku, ranka ya daɗe. Matasan da suka juya bana suna iya sake juyawa."

"Shi ya sa za mu yi yanzu."

"Haka Alhaji Sahabi ya ce mini, a rumfarsa, mako huɗu da suka wuce."

Ya ajiye takardar. "Ashe kai ba ka da ɗan'uwa."

"Ina da shi. Ya daina amsa gaisuwata." Na ɗauki takardata na ninke. "Ku kawo ƙudurinku, haƙƙinku ne. In kun samu sha huɗu, da hannuna zan goge dokar ina murna. Amma duk hannun da ya taɓa hular da ba tasa ba, da suna zan rubuta shi."

Laraba ya kawo ƙudurin. Alhaji Sahabi yana zaune a bencin ƙasa, inda Malam Altine ya yi shekaru yana zama. Tun da nake ban taɓa ganin kansa ba. A masallaci ma yana shafar kai ne da sauri ta ƙarƙashin hula. Shi ne mutumin da ya sha cewa a zaure cire hula aikin marasa kunya ne. Da aka gama karanta ƙuduri, mutanensa tara suka juya suna dubansa. Sannan ya miƙe, ya taka zuwa tebur, ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙubensa. Furfura ce fara fat a gefe, tsakiya kuma babu komai, ga shatin hula a goshi.

Malam Altine ya buga tebur. "La ilaha illallahu! Alhaji, ashe kai ma kana da shi! Shekara nawa kana ɓoye muna?"

Zaure ya fashe da dariya, har da nasa mutanen. Shi bai yi ba. Ya ajiye hular a tsakiyar tebur, ya juyo gare ni. Rabon da ya yi mini magana tun ranar wasiƙa.

"Akawu, rubuta."

"Ina rubutawa, ranka ya daɗe."

"Da sunana. Kak ka ce an."

Na rubuta: da ƙarfe goma da rabi Alhaji Sahabi ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Ya fara da gai da wakilai, ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira Azahar ya tsaya a bakin ƙofa, ya waiwayi hularsa, ya waiwaye ni. Na ɗauki butata na zagaya gindin tagar baya.

Ba a gina rumbu a shekarar ba. Damina ta same mu da albasa a ƙananan rumbunan kara, ta ruɓe da yawa, har da tawa. Na kwashe ta da hannuna na zubar, kuma ban gaya wa kowa cewa dokar hula alheri ce ba, domin ban yarda da hakan ba har gobe. Abin da na koya shi ne ban taɓa haɗuwa da wanda ke ƙin dokar nan ba. Kowa hular abokin hamayyarsa yake ƙi. Kuma mai rinjaye ba ya zuwa wa akawu da ƙarya, ya fi ƙarfin haka. Da gaskiya yake zuwa, wadda aka cire wa suna.

Takardar nan mai layi biyu tana aljihun tebur na hagu, na bar muku ita. Na nuna wa Ciyaman uku, babu wanda ya sa hannu. Duk wanda ya hau ya ce a soke doka ta sha ɗaya, ku miƙa masa cikin ladabi. Ranar da wani ya sa hannu, ku kai ta zaure da gudu, ku aiko a gaya mini ko ina gona. In kuwa ya mayar muku da ita ya ce ku rubuta an yi kaza, ku ajiye biro, ku ce masa: ranka ya daɗe, wa ya yi?